Jinjina Ga Masu Auna Wa Furosesa Wuta

Buɗe kwamfutar tebur ka dubi gefen furosesa, za ka ga wasu ƴan dunƙule masu kusurwa huɗu a jere, kowanne da naɗaɗɗiyar wayar tagulla a cikinsa. Injiniyoyin da ke tsara wannan layi sun cancanci jinjina.

Wutar da ke isowa bolt 12 ce, furosesa kuwa bolt 1 da ƴan kai yake so, amma yana iya jan amfiya sama da 100. Tsohuwar dabara ita ce a ƙone rarar ta zama zafi, wanda a nan zai cinye kusan kashi 90 cikin 100. Injiniyoyin kuwa sai suka sa taransista tana kunnawa tana kashewa sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Ta saki wuta, ta tsayar. Naɗaɗɗiyar wayar ta riƙe ƙarfin a maganaɗisu tana sakinsa a hankali, kafasita ta share sauran tangarɗar. Asara ta dawo wajen kashi 10.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke raba nauyin. Taransistoci da dama ke karɓa-karɓa kamar mata masu lugude, kowace ta sauke taɓaryarta a lokacinta, don kada ɗaya ta yi zafi ta ƙone. Furosesa na iya zabura daga hutu zuwa cikakken aiki cikin ƙiftawar ido, kuma dole bolt ya tsaya daram.

Dabarar ba sabuwa ba ce: tun 1977 injiniya Rod Holt ya tsara wa kwamfutar Apple II irin wannan wuta mai kunnawa da kashewa, har kwamfutar ta yi aiki ba fanka.