Risalar Magili da Manomin Kura

Mai nazari yana iya kwatanta Tajuddin, risalar da Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499), da Magna Carta ta Ingila, amma kwatancin yana da rauni. A 1215 hakimai ne suka tilasta wa Sarki John buga hatimi. Ita kuwa risalar nasiha ce, ƙarfinta ya dogara ga tsoron Allah na mai mulki. Duk da haka, gargaɗinta ga sarkin da ya ɓuya wa talakawa bai tsufa ba. Da ruwan Tiga ya iso Kura da Bunkure, an sake yanka gonaki, dokar 1978 kuma ta damƙa ƙasa hannun gwamna. Manomin da gonarsa ta ragu, ina zai kai kuka?