Kunne a Kan Inji, Ido a Baya

A ƙasar Sakkwato damina wata huɗu ce idan ta yi kyau, daga Yuni zuwa Satumba, amma dabba ba ta san da wannan lissafi ba. Sa Gudali da jar akuya da ragon Uda da ake kiwatawa don layya, kowannensu sai ya ci sau biyu ko uku a yini har shekara ta zagayo. Shi ya sa da kaka ta kama, duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga ta wuce Shagari zuwa Tambuwal zai ga rufin ɗakuna da tsakanin rassan itatuwa sun cika da dammunan harawa. Kuɗi ne aka rataye a sama. Damin da aka saya da araha a Nuwamba, idan bazara ta yi tsanani ana neman sa ruwa a jallo, kuma masu sayar da abincin dabbobi a Kasuwar Kara ta Sakkwato sun fi kowa sanin haka.

Har yau lauje ne ke yin mafi yawan aikin, jaki da raƙumi da amalanke su yi jigila. Tarakta kuwa, a Sifawa ko Danchadi ko Kajiji, an fi saninta da haro da huɗa da jan tirela. Sai dai makiyaya na ƙara matsewa, burtali na shigewa cikin gonaki, masu kiwon turke na ƙaruwa, har ta kai mai babban fili ya fara tunanin shuka ciyawa da gangan: gamba, ko lablab, ko waken da aka fi so don ganyensa, irin abubuwan da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana nazari a kansu. Wanda ya shiga wannan harka da gaske, lauje ba zai kai shi ba. Yana bukatar tarakta mai ƙarfi, kuma yana bukatar direban da hannunsa ya wuce na mai haro. Haro yana yafe kuskure, in layi ya karkace a sake bi. Ciyawa idan aka yanke ta ba daidai ba, ko aka tattara ta a lokacin da bai dace ba, ta tafi ke nan sai baɗi.

Mai sabon kuɗi yakan tafi neman taraktar da ta fi kowace girma a wurin dillali. Wanda ya san aikin daga baya yake farawa: me za ta ja? Injin yankan ciyawa mai faifai da injin ɗaure dami ba jan su kawai ake yi ba, juya su ake yi da wata sandar ƙarfe da ke fitowa daga bayan tarakta, wadda direbobi da makanikai ke kira PTO. Ƙarfin da ke isa ga wannan sanda bai kai wanda aka rubuta a jikin inji ba, wani kaso yana ɓacewa a hanya. Ƙaramin injin ɗauri, mai fitar da dami mai kusurwa huɗu da mutum ɗaya zai iya ɗagawa, tarakta mai ƙarfin doki 40 zuwa 50 tana iya masa. Babba mai naɗe ciyawa ta zama ƙaton gammo na ɗaruruwan kilo yana son doki 60 zuwa sama, kuma yana son tarakta mai nauyin jiki, don kada abin da take ja ya riƙa tura ta a gangare. Nan ne Massey Ferguson 375, mai ƙarfin doki 75, ta samu karɓuwa a Arewa: tana iya haro da damina, ta yi ciyawa da kaka, ta ja tirela da rani.

Gonar ma tana da ta cewa. Gonakin Boɗinga da Shagari yawancinsu gado ne da aka rarraba, ga gawo a tsakiya wanda babu manomin kirki da zai sare, ga iyaka da maƙwabci ta kowane gefe. Ƙatuwar tarakta a irin wannan fili rabin yininta a juyawa zai ƙare, man gas yana ƙonewa a banza. A jigawa mai yashi kuma, taraktar da ƙafafunta huɗu duka ke ja ta fi mai ƙarfin doki da yawa da ke tsaye tana tonon rami da tayoyin baya.

Tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci a ganina, kuma tarihi ne ya koyar da ita. A 1980 Shugaba Shehu Shagari, ɗan wannan gari na Shagari, ya ƙaddamar da shirin bunƙasa noma na Green Revolution. A wancan zamani ana harhaɗa taraktocin Steyr a Bauchi, ana harhaɗa na Fiat a Kano, gwamnatocin jihohi suna da sassan ba da hayar tarakta. Da yawa daga cikin motocin nan ba tsufa ne ya kashe su ba, rashin wani ɗan ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba. Saboda haka gwani yakan tambaya: idan famfon mai ya lalace ranar Talata, zan samu wani a Sakkwato kafin Juma'a? Akwai bakaniken da zai buɗe ta a gindin bishiya ya mayar? Sabbin taraktoci masu kwamfuta a ciki suna da daɗin tuƙi, amma ciyawar da aka yanke ba za ta jira injiniya ya taso daga Kaduna ba.

Idan ta hannu ce za a saya, akwai dabarun da ba a rubuta a takarda. A je da sassafe, a taɓa inji a tabbatar da sanyi yake, domin mai sayarwa yakan ɗumama shi kafin baƙo ya iso. A tayar, a dubi hayaƙi: shuɗi yana nufin tana shan baƙin mai, fari da ya ƙi ɗaukewa yana iya nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba. A ɗaura mata garma mai nauyi, a ɗaga sama, a kashe inji, a tsaya ana hira. In garmar ta fara sauka a hankali da kanta, akwai yoyo a cikin na'urar ɗagawa. Agogon da ke ƙirga awannin aiki ana iya taɓa shi, amma sulɓin da ƙafa ta yi wa ƙarfen kuloci ba ya ƙarya.

Koyon tuƙin ba daga kujera ake fara shi ba. Yaron tarakta yakan yi damina guda ko fiye yana bin maigidansa da bindigar giris a hannu. Shi ke duba baƙin mai da ruwan lagireto kafin rana ta fito, shi ke zubar da ƙurar da ta taru a matatar iska, shi ke tsiyaye ruwan da ya kwanta a ƙasan matatar man gas. Ranar da mai ya ƙare a tsakiyar gona iska ta shiga bututu, a ranar zai koyi yadda ake sassauta ƙusa a yi ta bugun ɗan famfon hannu har kumfa ta daina fita. Kafin ya taɓa sitiyari ya riga ya san muryar motar, ya san ƙarar da take yi in tana cikin daɗi da wadda take yi in an matsa mata.

Ranar da ya hau, abin da ya sani na mota ba zai yi masa amfani sosai ba. Birki biyu ne, ɗaya na tayar dama ɗaya na hagu. A ƙarshen layi yakan taka guda don motar ta juya a ɗan wuri, amma in zai hau kwalta dole ya haɗe su da ɗan maƙalin da ke tsakaninsu, in ba haka ba taka ɗaya da gudu zai jefa shi kwalbati. Totur ma biyu ne, na hannu da na ƙafa. Kuloci a irin su 375 hawa biyu gare shi: rabin taki yana tsayar da tayoyi sandar baya tana ci gaba da juyi, cikakken taki ya tsayar da duka. Sai kuma jarrabawar da ke raba yaro da direba, wato komawa da baya a ɗaura kayan aiki. A bayan tarakta hannuwan ƙarfe biyu ne a ƙasa, ɗaya a sama, tsarin da Harry Ferguson, mutumin Arewacin Ayalan, ya ƙirƙiro tun wajen shekarun 1920 kuma duniya ke bi har yau. Dole ramukan hannuwan su zo daidai da ƙusoshin injin da ke ajiye a ƙasa, wanda ƙato biyu ba za su iya matsar da shi ba. Sabon shiga zai yi gaba ya yi baya, ya sauka ya duba, ya hau, gumi na zuba. Gwani yakan juya rabin jikinsa, hannu ɗaya a kan sitiyari ɗaya a kan sandar ɗagawa, ya saki kuloci kaɗan-kaɗan, motar tana rarrafe, sai ka ji ya ce wa yaro, "Sa ƙusa." Ta shiga.

Kafin yanka, da ƙafa yake fara zaga gonar. Ciyawa mai tsayi tana ɓoye kututture da suri da ramin gafiya da dutsen marmara, kuma wuƙaƙen injin yanka suna gudu ne da saurin da in suka daki dutse za su iya harba shi nesa. Inda ya ga haɗari ya kafa sanda. Daga nan ya ɗaga totur na hannu har allurar agogo ta kai alamar da ke nuna sandar baya tana juyi 540 a minti ɗaya, ya bar shi a nan. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi wuyar shiga kan mai koyo: in ciyawa ta yi kauri ba totur ake ragewa ba, giya ake saukewa. Inji ya ci gaba da juyinsa, tafiyar ce za ta ragu. Kunnensa ne ke gaya masa lokacin, da ya ji muryar injin ta fara nauyi ya san ya cika masa baki. Idonsa kuwa rabin yini a baya yake, yana duban tsayin yanka. In ya yi ƙasa da yawa zai kwaso yashi, wuƙa ta dakushe, gamba kuma ta kasa tohowa da kyau. In ya yi sama ya bar kuɗi a gona. Direbobin ciyawa da ciwon wuya suke kwana.

Sai dai duk wannan share fage ne. Amfanin harawa a ganye yake, kara cikon ciki ne kawai, kuma duk mai kiwo da ya zo saye ganyen zai fara dubawa. Iskar ƙarshen Oktoba a ƙasar Sakkwato tana busar da abu da sauri, abin da manoman Turai ke roƙo ba su samu ba, amma saurin nan yana da nasa sharri. Ganyen gyaɗa ko na wake idan ya bushe ƙayau, taɓa shi kaɗan sai ya kakkaɓe. Direban da ya shiga da injin tattarawa da azahar zai bar rabin dukiyar a ƙasa ta zama gari, ya ɗaure kara zalla. Wanda ya iya, da asuba yake fita, lokacin da ɗan sanyin dare ko raɓa ya sa ganyen ya yi laushi, ya tattara a hankali, kafin hantsi ya ɗaga ya gama. Matan ƙauye da ke ɗaure harawa da hannu sun san wannan tun kafin a ƙera tarakta, kuma direban kirki daga gare su ya gaji sanin.

Ɗaurewa da danshi kuma ya fi muni. Masana sun ce ruwan da ke jikin ciyawa kada ya wuce kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari lokacin ɗauri. Direba ba shi da na'urar awo, yana da hannu: ya ɗebo daga tsakiyar layi, ba daga sama ba, ya murɗa. In ta yi sanyi a tafin hannu ko ta nuna jiƙa a inda aka murɗe, a ƙara mata yini. Damin da aka matse da ruwa a ciki yakan yi zafi, ya yi fumfuna, wani lokaci idan an jibge da yawa ya kama wuta da kansa a cikin rumbu ba tare da kowa ya ƙyasta ashana ba.

Injin ɗaurin yana da wata ƙusa da aka yi ta da gangan don ta karye idan an shaƙe shi ko ya haɗiyi itace. Akwai masu wayon banza da ke gajiya da sauya ta, sai su sa ƙusa mai tauri wadda ba ta karyewa. Ranar da wani abu ya sake maƙalewa, abin da zai karye ya fi ƙusar tsada nesa ba kusa ba. Gwani yana yawo da irin ta asali a aljihu, kuma in ta karye ba ya sauka sai ya cire juyin sandar baya ya kashe inji.

A kan wannan sanda babu wasa. Juyi 540 a minti yana nufin tara a daƙiƙa guda. Bakin babbar riga, ko jelar rawani, ko gyalen yarinyar da ta kawo abinci, in ta kama ba ta saki, kuma babu wanda ke da saurin da zai kai ga makunni. Shi ya sa za ka ga direban da ya san kansa da 'yar shara mai kama jiki, kuma ba ya yarda a cire murfin sandar ko da ya tsage. Ba ya ɗaukar yara a kan murfin taya komai roƙonsu. In zai ciro motar da ta kafe, a ƙasa yake ɗaura sarƙa, a mazaunin jan da aka tanada, domin in aka ɗaura sama da ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya tarakta tana iya miƙewa tsaye ta kifa a kan mai tuƙi kafin ya taka kuloci. Da rana kuma yakan tsaya lokaci-lokaci ya share ƙaiƙayin da ke toshe gaban lagireto da wanda ke taruwa kusa da bututun hayaƙi, don gona busasshiya da iskar hunturu ba sa bukatar fiye da tartsatsi ɗaya.

Idan an kwashe dami na ƙarshe, yakan zare igiyar da ta rage a cikin injin ɗauri saboda ɓeraye, ya share ƙura, ya shafe ƙarafan da ke ƙulla igiya da giris don kada su yi tsatsa, ya jingine injin a inuwa bisa katako. Taraktar kanta ba ta hutawa. Ana juye mata baƙin mai, a ɗaura mata haro, ta nufi fadamun da ke kusa da madatsar ruwa ta Shagari, inda masu noman rani ke jiran a buɗe musu ƙasa.