Tarihin Ikkilisiyar Creek Town Kamar Yadda Hope Waddell Ya Rubuta Shi

Littafin da za mu auna a wannan darasi shi ne Twenty-Nine Years in the West Indies and Central Africa, wanda Hope Masterton Waddell ya buga a 1863. Shekaru 29 da ke cikin sunan littafin su ne daga 1829, lokacin da ya soma aikin bishara a Jamaika, zuwa 1858, lokacin da ya bar Kalaba. Sashen da ya shafe mu shi ne labarin ikkilisiyar Creek Town, garin Efik da mutanensa ke kira Obio Oko, kusa da Kalaba a jihar Kuros Riba ta yau. Tana cikin ikkilisiyoyin farko na cocin Firesbiteriyan a Nijeriya, wato cocin da dattawa zaɓaɓɓu ke mulkinsa tare da fasto. Duk wanda ya rubuta tarihin wannan ikkilisiya daga baya, daga rijiyar Waddell ya ɗebi ruwa. Saboda haka inda ya gani da kyau an gani, inda idonsa ya tsallake kuma da yawa sun tsallake tare da shi.

Bari mu fara da abin da ya cancanci yabo. Waddell bai yi gaggawar ƙirga tubabbu ba. Ya sauka Kalaba ranar 10 ga Afrilu 1846, amma ba a yi wa kowa baftisma ba sai a watan Oktoba 1853, sa'ad da Hugh Goldie ya yi wa Esien Esien Ukpabio baftisma a Creek Town. Shekara bakwai ke nan da rabi ana wa'azi, ana koyar da yara karatu, babu sunan ɗan gari ko ɗaya a littafin baftisma. Littafin bai ɓoye wannan ba. Ya fito ne daga rubutun da Waddell ke yi kullum, shi ya sa ake samun gardama, da gajiya, da zazzaɓi, da alkawuran sarakuna da ba su cika ba, a wuraren da tarihin jubili irin namu zai ce kawai Ubangiji ya sa albarka. Mai hidimar da aka tura sabon wuri, ya yi shekara uku bai ga komai ba, zai sami ƙarfafawa a waɗannan shafuffuka fiye da yadda zai samu a littattafan nasara da yawa.

Matsalar littafin tana wajen tambayar wane ne ke yin aikin. Ɗauki Sarki Eyo Honesty na Biyu. Babban ɗan kasuwar manja ne, mai bayi masu yawa da mata da yawa, ya iya Turanci tun yana yaro a jiragen Turawa. Tun 1842, shi da Sarki Eyamba na Biyar na Duke Town sun rubuta wasiƙu suna neman wanda zai koya wa mutanensu karatu, ya kuma nuna musu noman da zai maye gurbin cinikin bayi. Wato an kira 'yan mishan kafin su zo. Da suka zo kuma, a farfajiyar gidan Eyo ake taron ranar Lahadi, shi ne yake tara jama'a, shi ne kuma tafinta. Waddell ya yi magana da Turanci, Eyo ya juya ta zuwa Efik.

Mu tsaya a nan kaɗan, domin duk wanda ya taɓa yin wa'azi ta bakin tafinta ya san abin da wannan ke nufi. Tafinta ne yake zaɓen kalmar da za ta ɗauki zunubi, da wadda za ta ɗauki alheri. Shi ne yake sanin inda jama'a suka ɓace ya koma baya, shi ne yake sassauta maganar da ta yi zafi ko ya ƙara mata gishiri. A shekarun farko, bisharar da mutanen Creek Town suka ji da kunnensu ta fito ne daga bakin Eyo, da muryar sarkinsu. Waddell ya girmama shi, ya rubuta muhawarar da suka sha yi, amma a ƙarshe mutumin da yake nuna mana shi ne wanda ya zo bakin ƙofa bai shiga ba. Gaskiya ne Eyo ya rasu a watan Disamba 1858 ba a yi masa baftisma ba, kuma ba aikin mai tarihi ba ne ya yi masa baftisma bayan mutuwa. Sai dai tambayar ko ya tuba ta danne wata tambaya wadda tarihin ikkilisiya ke bukata: wace irin bishara ce ta shiga garin ta bakin mutumin da ke da bayi da mata da sarautar da zai kare? Littafin yana da kayan amsa a warwatse, amma marubucin bai yi tambayar ba.

Haka yake da mutanen Jamaika. Tunanin aikin Kalaba a Jamaika aka haife shi, a taron fastocin Firesbiteriyan na 1841, 'yan shekaru kaɗan bayan an 'yantar da bayin tsibirin, kuma ikkilisiyoyin 'yantattun bayi sun ba da mutane da kuɗi. A jirgin farko akwai Samuel Edgerley mai ɗab'i da matarsa, akwai Andrew Chisholm kafinta, da Edward Miller malami. Waddell ya ambace su, ba za a ce ya share su ba. Amma suna shigowa labarin ne a matsayin mataimaka, su yi gini, su riƙe makaranta, su yi ciwo, su fita. Abin da jikan bawa ya ji da ya tsaya a bakin kogin da aka yi ta lodin bayi, ba mu ji shi ba.

Inda littafin ya fi amfani ga mai hidima, a ganina, shi ne batun masu bayi da Jibin Ubangiji. Da tubabbu suka fara fitowa, waɗansunsu suna da bayi, kuma a Kalaba ta lokacin babu hanyar da mutum zai 'yanta bawa ya tsaya da kansa, domin kowa a ƙarƙashin wani gida yake. Coci a Sikotland, wanda ya yi ta yaƙi da bauta, ya ɗaga murya. Abin da aka tsaya a kai a tsakiyar shekarun 1850 shi ne mai bayi zai iya zama ɗan ikkilisiya in ya yi alkawari a rubuce cewa zai ɗauke su kamar barori, ba dukiya ba, ba zai sayar da su ba, zai kuma yi musu adalci. Waddell ya kāre wannan matsayi, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Wanda ya karanta wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon ya san tsohuwar matsala ce. Amma a duk muhawarar muna jin muryar mishan, da ta hukumar Edinbara, da ta iyayengiji. Bawan da zai karɓi ƙoƙo ɗaya da ubangidansa ba a tambaye shi ba, ko kuwa an tambaye shi ba a rubuta ba. Mu da muke zama a majalisar dattawa muna yanke hukunci kan mai mata biyu, mun san sau nawa ake gama zaman ba a kira matan an ji ta bakinsu ba.

Wannan rashi ya shafi yadda ake ba da labarin dokar 1850 ma. A watan Fabrairu na shekarar, ƙungiyar Ekpe, wadda ita ce ke riƙe da doka a ƙasar Efik, ta hana kashe mutane a jana'izar manya. William Anderson na Duke Town ya yi ƙoƙari ƙwarai, Turawan jiragen manja sun matsa, Eyo ya goyi baya. Amma dokar da aka yi shela ba ta tsare kanta. Bayin gonakin Duke Town sun haɗa kai, suka yi rantsuwar jini cewa ba za a ƙara yanka su don rakiyar matattu ba, suka kuma shigo gari da makamai don su nuna da gaske suke. Tarihin coci yakan ba 'yan mishan ladan dokar duka, ya bar waɗannan mutane a gefe kamar wata fitina da ta taso.

Kada mu ɗora wa Waddell laifin da ba nasa ba. Labarin hidimarsa ya ce zai rubuta, don masu karatu a Birtaniya waɗanda suke ba da baiko, kuma ya bar Kalaba a shekarar da aka kafa majalisar cocin yankin, wadda aka sa wa suna Biyafara. Bai ga Sabon Alkawari na Efik da Goldie ya gama a 1862 yana aiki a hannun mutane ba, bai kuma ga naɗin Ukpabio a 1872 ba, fasto na farko ɗan ƙasa a wannan coci. Laifin na waɗanda suka biyo baya ne, da suka ɗauki tarihin mutum ɗaya suka mai da shi tarihin ikkilisiya. Bayan Mary Slessor ta zo a 1876, sunanta ya ƙara rufe sauran, har yau mutane da yawa in an ce Kalaba ita kaɗai suka sani, alhali ta tarar da fasto ɗan Efik yana hidima shekara huɗu kafin isowarta.

Da yawa cikinmu za a ba mu aikin rubuta ɗan littafin jubili na ikkilisiyar da muke hidima, kuma tsarin da muka gāda shi ne na jerin fastoci da shekarun da aka yi gini. Kafin a bi wannan tsari, yana da kyau a buɗe Romawa sura 16 a ƙirga sunayen da Bulus ya jera, a lura da matan da ke ciki, da masu gidajen da ake taro. Sa'an nan a nemi littafin baftisma mafi tsufa, da littafin zaman dattawa in gara ba ta ci shi ba, a je wurin tsofaffin zumuntar mata da biro da takarda. Tambayar farko da za a yi musu ita ce wane ne ya yi tafinta ran da aka fara wa'azi a garin, kuma a gidan wa aka zauna.