Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Kyamara

A watan Janairun 1824, lokacin da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya sauka a birnin Katagum, alƙalami da takarda ne makamansa, shi ya sa ganuwar garin da kasuwarsa a rubuce suka iso mana. Sai a 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a Faransa. Ko da aka mayar da fadar masarautar Katagum zuwa Azare a 1916, kamfanin Kodak ya shekara 16 yana sayar da 'yar akwatinsa Brownie, wadda ta fara fita a kan dala ɗaya. Daga nan har shigowar dijital da wayar hannu, duk hoton hawan salla, na amarya ko na fasfon maniyyaci, na'ura mai cin fim ce ta ɗauke shi. Da yawa daga cikin na'urorin nan 'yan gwangwan sun auna su a kilo. Wasu suna ƙarƙashin gado. Kaɗan ne ke faɗawa hannun mai tarawa, wanda ya san yadda ake binciken su a mayar musu da rai.

Ba ya fara latsa komai. Juya ta yake yi a tafin hannu, ya karanta suna da lambar masana'anta, don ita ce ke nuna shekarun da aka ƙera ta. In mai ido biyu ce, ɗaya bisa ɗaya, ya san jinsin Rolleiflex ce ta Jamus, wadda ta fito a 1929, ko Yashica ta Japan da ta bi sawunta. Idon sama na leƙe ne, na ƙasa ke ɗauka. A ciki ake rataya ta, a sunkuya a duba, kuma dama takan koma hagu a gilashin. Hoto 12 kacal fim ɗinta ke ɗauka, saboda haka mai ita ba ya latsawa sai ya gyara wa mutum zaman hula. In ƙarama ce mai cin fim na milimita 35, zuriyar Leica ce ta 1925, mai hoto 24 ko 36.

Daga nan sai ya buɗe bayanta ya sansana. Warin ruma alama ce ta sha damina a rufe. Ya haska tocila ta cikin idon, wato jerin gilasan da ke tattara haske, yana neman abu uku: hazo, ƙarzuwa, da funfuna mai fitowa zare-zare, wadda in ta daɗe takan cinye shafen da ke kan gilashi. Wurin sharewa ne ake gane gwani. Ƙurar hunturun ƙasar Katagum tana ɗauke da yashi mai laushi, wanda ya goge ta da bakin riga ya kankare gilashinsa da hannunsa. Shi kuwa sai ya fara hurawa da 'yar robar iska, ya bi da buroshi mai taushi, sannan ya ɗiga ruwan sharewa a kan ƙyalle, ba a kan gilashi ba, ya kewaya daga tsakiya zuwa gefe.

Aikin kunne ke biye. Kamar yadda mai sayen tukunya ke ƙwanƙwasa ta ya ji ko da tsagu, haka yake kara kyamara a kunne ya latsa marufin haske, 'yar ƙofar da ke buɗewa ta rufe cikin ƙiftawar ido. Lambobin da ke jikinta, 30, 60, 125, 500, kashi ne na daƙiƙa ɗaya. Yakan fara da cikakkiyar daƙiƙa, don a nan ciwo ke fara bayyana: lafiyayya takan yi zuuu ba yankewa sannan ta rufe, wadda maiƙonta ya daskare kuwa sai ta yi ta inda-inda. Sai ya murɗa zoben kafar haske, daga 2.8 zuwa 4, 5.6, 8, 11, 16, kowane mataki yana rage rabin hasken da ke shiga. Siraran ganyayen ƙarfen da ke tsuke kafar dole su kasance a bushe. Ɗigon mai ɗaya, wanda zafin bazara ya narko da shi, ya isa ya manne su.

Sauran aikin na haƙuri ne. Soson da ke toshe bakin murfi yakan narke ya zama baƙin danƙo. Da tsinken sakace da sifirit ake kwashe shi, a cusa baƙin zaren ulu a gurbinsa. In mai zugazugi ce, a ɗakin duhu ake sa tocila a cikinta, duk inda haske ya tsirto huda ce. In batir ya fashe ya bar farin gari, auduga da ɗan ruwan khal ke cire shi.

Hukunci na ƙarshe fim ne ke yankewa. A tsakar ranar Azare gwani ba ya buƙatar ma'aunin haske: ya sa kafa a 16, ya daidaita saurin marufi da lambar fim, fim mai 100 ya ba shi 125. In an wanke, sai ya ɗaga dodon hoton ya karanta. Baƙin tabo a gefe na nufin haske na sata ta wani wuri. Hotuna masu hawa kan juna na nufin hannun naɗi ya gaji.

Ajiya ma ilimi ce. Jakar fata tana riƙe danshi, don haka a kanta mai shan iska yake jera su, ya cire batir, lokaci-lokaci ya ɗana kowace ya latsa don kada ta sandare. Malick Sidibé, shahararren mai hoton Bamako da ya rasu a 2016, gyaran kyamara na cikin sana'arsa, kuma kantocin shagonsa sun kasance cike da kyamarori.

Abin da ya fi gilashi saurin ɓacewa shi ne labari. Shi ya sa mai tarawa na ƙwarai ba ya biyan kuɗi ya tashi. Yakan zauna ya ce, "Baba, a ina aka sayo ta? Wane shago ta yi wa aiki? Dodannin hotunan suna nan?" Ya rubuta amsar a littafi tare da lambar kyamarar. Sifirin da ya karye ana iya ciro irinsa daga wata matacciyar kyamara, amma in tsohon mai hoton ya kwanta dama ba a tambaye shi ba, babu mai gaya maka su wa ke cikin hotunan nan, ko a wace salla aka ɗauke su.