Zumuntar Mata da Aikin Bangaskiya Tsakiyar Mako

Wanda ya shiga sujada ran Lahadi a majami'ar ECWA, COCIN ko EYN, matan zumunta ne za su fara ɗaukar hankalinsa: zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, ana buga tulu, guda na ba da waƙa saura na amshi. Shi ya sa wasu ke yi wa Zumuntar Mata kallon ƙungiyar mawaƙa kawai, alhali babban aikinsu sai an tashi daga sujada yake somawa.

Ikilisiyoyin nan sun samo asali daga ƴan mishan: SIM da suka iso a 1893, SUM da suka sauka Wase a 1904, da waɗanda suka kafa tasha a Garkida a 1923. Matan da suka ba da gaskiya, Bura ne, Marghi ne, Ngas, Berom, Tangale ko Bajju, kowacce da yarenta. Hausa ce ta haɗa su, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma da ita akasarinsu ke waƙa da addu'a har yau.

A taron tsakiyar mako ake ganin ainihin zumuntar. Za a karanta nassi, a haddace aya, a yi addu'a, sannan shugaba ta tambaya: wa ke kwance, wa ta haihu, gidan wa aka yi rashi? Nan take a raba aiki. Wannan ta kai kunu asibiti, waccan ta ɗebo wa maijego ruwa, wasu su kwana gidan makoki suna girki. Tushensu yana cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Titus sura 2, inda aka ɗora wa manyan mata koyar da ƙanana. A ganina, nan ne girman ruhaniya ke samun ma'auni na gaskiya, domin matar da ta haddace aya kan gafara za ta zauna benci ɗaya da wadda suka yi cacar baki jiya, kowa kuma na kallo.

An jarraba wannan tarbiyya a 2014, lokacin da aka sace ƴan matan Chibok, waɗanda yawancinsu ƴaƴan EYN ne, Boko Haram kuma ta mamaye hedkwatar ikilisiyar a Kwarhi. A garuruwan da aka yi gudun hijira, mata sun sake haɗa zumunta, suna ta'azantar da gwauraye da kula da marayu.

Sai dai akwai abin da ke damuna ƙwarai. Kuɗin anko da gudummawar taro kan yi wa matalauciya nauyi, har ta daina zuwa don kunya, ita da ta fi kowa bukatar zumuntar. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne yadda “yi haƙuri, Mama, ki ci gaba da addu'a” ya zama amsar kowace damuwar aure, har da duka. Haƙuri ɗiyan Ruhu ne, babu musu. Amma Afisawa sura 5 da ake karanta wa mata kan biyayya, ita ce ta umarci miji ya ƙaunaci matarsa yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya. Matan da suka iya tara hatsi don gwauruwa suna da ƙarfin da za su kai maganar ƴar'uwarsu gaban fasto da dattawa, su kuma tsaya har a kira mijin.