Sharhi Kan Zaɓen Kafar Talla A Intanet: Misali Daga Tallan Harkokin Kuɗi Da Hausa

1.0 Gabatarwa

Talla tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Mai tallan fura da sankira da dillalin kasuwa, kowannensu ya san inda zai tsaya da irin muryar da zai ɗaga. A yau bankuna da kamfanonin aika kuɗi da masu ba da rance ta wayar salula sun kai tallansu intanet. Masu ba su shawara sukan auna kafar talla da abubuwa biyu: yawan mutanen da za su gani, da abin da za a biya duk lokacin da wani ya latsa tallan. Wannan takarda tana ganin ma'aunin ya gaza, domin ya bar harshe a baya. Kafar da aka zaɓa ita ce ke yanke irin Hausar da za ta isa ga mai saye, wato rubutacciya ko ta baka, doguwa ko gajera. A harkar kuɗi kuwa, kuskuren kalma guda yana iya jawo asarar dukiya da zubewar amana.

2.0 Kafofin Rubutu

Tun shekarar 2016 ake iya amfani da Facebook da Hausa, kuma a nan ake ganin rubutaccen talla da yawa. Matsala ta farko tana cikin ƙa'idar rubutun kanta, domin ba a nuna karin sauti da tsawon wasali. A dubi kalmar "riba". Idan aka ja wasalin farko, ana nufin abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa, wanda halal ne. Idan aka gajarta shi aka sauya karin, ana nufin kuɗin ruwan da Musulunci ya haramta. Tallan da ya ce "ajiya mai riba" ya bar mai karatu cikin shakka, wanda ya ce "rance ba riba" shi ma haka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga bankunan da ke aiki bisa tsarin Musulunci, irin su Jaiz wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2012, ko Bankin Musulunci na Nijar. Mafita ita ce a rubuta "kuɗin ruwa" inda ake nufin haramtacciyar, amma ba kowane mai talla ke kula ba.

Matsala ta biyu ita ce ta haruffa masu lanƙwasa. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70. Saboda tsimi sai a zubar da lanƙwasa, "ku biya ɗaiɗai" ya koma "ku biya daidai", alhali sharuɗɗa biyu ne mabambanta. Haka kuma a Google, talla yana fitowa ne bisa kalmar da mai nema ya rubuta. Wani zai rubuta "kuɗi", wani "kudi", wani "kud'i", wani "kuddi". Kamfanin da ya dogara ga daidaitacciyar ƙa'ida kaɗai yana iya rasa masu nema da dama.

Ta uku ita ce fassarar na'ura. Google Translate ta shigar da Hausa a 2013, kuma wasu sun ɗauke ta a madadin mafassari. Kalmar Faransanci "intérêt" tana nufin kuɗin ruwa, tana kuma nufin amfani ko sha'awa. Jimlar talla gajera ce, ba ta ba na'ura isasshen muhallin da za ta zaɓi ma'ana.

3.0 Kafofin Murya Da Hoto

Saƙon murya na WhatsApp, da bidiyon TikTok da YouTube, da shirye-shiryen rediyo da ake sakawa a Facebook, duk sun fi kusa da yadda Bahaushe ya saba ciniki. Murya tana raba riba da riba ba tare da ƙarin bayani ba, kuma tana isa ga wanda bai iya karatun boko ba. Bugu da ƙari, tana tilasta wa mai talla ya yi lissafi irin na mutane. A Nijar, abin da aka rubuta 100 F "dala ashirin" ne a baki, 1000 F kuma "jika" ce. Mutumin Katsina kuwa naira yake ƙirgawa kai tsaye. Ke nan talla guda ba zai yi wa Maraɗi da Katsina aiki ba, ko da yake harshensu ɗaya ne.

Sai dai daɗin murya shi ne haɗarinta. Saƙon da ya zo daga ɗan'uwa ko abokin adashi yana ɗauke da amanar wanda ya turo shi, ko da bai bincika ba. Ta irin wannan hanya ta jawo na kusa ne MMM ta yaɗu kafin ta rufe asusun mutane a Nijeriya a Disambar 2016, haka ma CBEX da ta durƙushe a Afrilun 2025. Gajeren bidiyo kuma yakan cika da raha da fuskar ɗan wasa, a bar sharuɗɗan biya a ƙaramin rubutu na Turanci ko Faransanci a ƙarshe. An kira mutum da harshensa, an ɗaure shi da harshen da bai ji.

4.0 Ƙa'idojin Kafofin

Kafofin ma suna da nasu dokoki. A 2016 Google ta hana tallan rancen da ake biya cikin kwana 60. A 2022 hukumar kare masu saye ta Nijeriya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu ba da rance ta waya a Legas, saboda tozarta waɗanda suka ci bashi. A 2023 Google ta hana manhajojin rance shiga jerin lambobi da hotunan waya. Wannan ya nuna kafar da ke da mai sa ido ta fi wadda kowa ke turawa yadda ya ga dama.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, babu kafa guda da ta wadatar. Murya ta dace da kira da bayani, rubutu ya dace da ajiye sharuɗɗa, kuma dole su biyun su kasance da Hausa ɗaya mai ma'ana ɗaya. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, buƙatar masu wannan aiki za ta ƙaru. Ana son kowane ɗalibi ya tattaro talla uku na harkar kuɗi daga kafofi daban-daban, ya fito da kalmomin da ke da harshen damo, ya kuma sake rubuta su yadda mai saye zai san abin da zai biya.