Buɗaɗɗiyar Wallafa: An Gudu Ba a Tsira Ba

Sanarwar da aka fitar a birnin Budafes cikin 2002 ta yi kira da a saki sakamakon binciken masana a intanet, kowa ya karanta ba tare da biyan ko anini ba. Manufa ce kyakkyawa, domin tsadar mujallun ilimi ta daɗe tana gagarar ɗakunan karatu na jami'o'i, musamman na Afirka. Sai dai yadda manyan kamfanonin ɗab'i suka aiwatar da ita abin dubawa ne da idon basira.

Abin da suka yi shi ne sauke nauyin daga kan mai karatu, suka aza wa marubuci. Alal misali, a 2021 mujallar Nature ta soma karɓar Yuro 9,500 kafin ta buɗe maƙala guda. Alhali kuwa manazarci ne ya yi binciken, takwarorinsa suka tace aikin, galibi ba da lada ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. A 2023 editoci fiye da 40 na mujallar NeuroImage suka ajiye aiki baki ɗaya, bayan kamfanin Elsevier ya ƙi rage Dala 3,450 da ake karɓa.

Masu kare tsarin sukan ce tacewa da adanawa suna cin kuɗi, kuma akan yi wa marubutan ƙasashe matalauta rangwame. Gaskiya ne ɗab'i ba ya yiwuwa a banza. Amma rangwame alfarma ce, mai bayarwa shi ke gindaya sharaɗi. Malamin jami'a a Nijeriya, wanda ƙarin girmansa ya rataya a kan wallafa, da Naira ake biyansa, darajarta kuwa ta zube a 2023. Ya sami damar karanta na wasu, nasa kuma ya rasa hanyar fita.

Akwai wata turbar. A ƙarshen shekarun 1990 ƙasar Barazil ta kafa rumbun SciELO da kuɗin hukuma, ya buɗe mujallun ƙasar ga duniya, har da waɗanda ake rubutawa da Fotugis. Darasi ne ga mujallun harsunan gida irin na Hausa.

A taƙaice, adalcin tsarin wallafa ba a yawan masu karatu kaɗai ake auna shi ba. Tilas a duba wa ya sami ikon rubutawa a ji shi. Muddin aljihu ne ke tantance wannan, ƙofa ɗaya aka buɗe, aka garƙame ɗayar.